Kundin bin diddigin lamba 18,446,744,073,709,551,615

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Aikin da ƙungiyar lissafi ta makarantarmu ta sa a gaba a wannan zangon shi ne ta ɗauki babbar lamba guda ɗaya, ta tattara duk abin da za a iya tabbatarwa a kanta: me ke raba ta, wane rukuni take ciki, wanne ne ba ta ciki, da hujjar kowanne. Sharaɗi ɗaya muka gindaya wa kanmu. Ba za a shigar da magana cikin kundin nan don kawai kwamfuta ta faɗa ba, sai an ga dalilinta a kan allo.

Lambar da muka zaɓa ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma 20 gare ta, kuma a taƙaice biliyan-biliyan 18 ce da ɗoriya. Asalinta shi ne a jera 2 guda 64, a ninka su gaba ɗaya, a ɗebe 1, abin da ake rubutawa 2^64 − 1. Tsohuwar lamba ce. Ita ce amsar labarin nan na allon shaɗaranj, darar da ke da gidaje 64, inda mai hikima ya roƙi sarki ya sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Ibn Khallikan ya kawo labarin a 1256. A 1883 kuma Édouard Lucas na Faransa ya fito da wasan Hasumiyar Hanoi, wanda idan faya-fayansa 64 ne, mafi ƙarancin motsin da za a yi a gama shi daidai yake da wannan lamba. Ko da ana motsi ɗaya a kowace daƙiƙa, sai an shafe shekara biliyan 584 da wani abu.

Abin da ido ke gani mun gama da shi yau. Mara ce, ba cika ba. Ta ƙare da 5, don haka 5 tana raba ta, amma 25 ba ta rabawa tunda ƙarshenta 15 ne. Jimlar alƙalumanta 87, wato 3 tana shiga, 9 ba ta shiga. Daga nan rubutun goma-goma bai ƙara gaya mana komai ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Na'urorinmu ba su iya riƙe ta ba. Kalkuletar ɗalibai ta nuna 1.844674407 × 10^19 ta yi shiru. Excel kuwa alƙaluma 15 kawai yake kiyayewa, sai ya ba mu 18446744073709600000, kuma amsa ɗaya yake bayarwa ko an ɗebe 1 ko ba a ɗebe ba. Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, shi ne kaɗai ya fitar da ita cif, don haka shi za mu riƙa amfani da shi wajen duba ninki, ba wajen kafa hujja ba.

A tsarin biyu-biyu da kwamfuta ke aiki da shi, lambar 1 ce guda 64 a jere, babu sifili ko ɗaya. A tsarin sha shida kuma F ce guda 16. Shi ya sa ita ce lamba mafi girma da ke shiga gurbi mai bit 64, wato wuraren 0 ko 1 guda 64, idan ba a ware wa alamar ɗebewa wuri ba, kuma shi ya sa masu rubuta manhaja suka san fuskarta: a irin wannan gurbi, ka ɗebe 1 daga 0, ita za ta faɗo maka.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau muka fara farfasa ta zuwa lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Wasu ɗalibai sun so a bi hanyar gwaji: 7, 11, 13, a yi ta raba lamba mai alƙaluma 20. Na hana. Makamin da ake buƙata tun ƙaramar sakandare suka san shi: murabba'in a, a ɗebe murabba'in b, daidai yake da (a − b) sau (a + b).

2^64 murabba'in 2^32 ce, 1 kuma murabba'in kanta. Ke nan lambarmu ita ce 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Ta farkon ita ma 2^32 − 1 ce, sai ta sake tsagewa zuwa 65,535 sau 65,537. Haka 65,535 ta ba da 255 sau 257, 255 ta ba da 15 sau 17, 15 ta ba da 3 sau 5. Layi biyar a allo, ga abin da ya fito:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297

Waɗannan shida su ne lambobin Fermat na farko, masu siffar 2^(2^n) + 1, daga n = 0 zuwa 5. Wata ɗaliba ta lura cewa idan aka ninka na farko-farkon, kullum ana samun ta gaba an rage 2: 3 × 5 = 15, wato 17 ba biyu; 3 × 5 × 17 = 255, wato 257 ba biyu. Haka ne, kuma lambarmu ita ce lambar Fermat ta gaba, 2^64 + 1, ba biyu. Daga wannan lura ake gane cewa babu biyu a cikinsu da suka haɗa mai raba su, domin duk abin da ya raba biyun dole ya raba 2, su kuwa duk mara ne. Christian Goldbach ya rubuta wa Euler wannan a 1730. Amfaninsa gare mu shi ne babu firam ɗin da zai fito a gida biyu daban.

Biyar na farko duk firam ne. Ta shidan ce ta rage.

Asabar, 18 ga Oktoba

A 1640 Pierre de Fermat ya bayyana yaƙininsa cewa duk lambobin nan nasa firam ne, har da 4,294,967,297. Maganar ta zauna haka shekara 92, sai a 1732 Leonhard Euler, yana St. Petersburg, ya nuna cewa 641 tana raba ta.

Faɗa wa ɗalibai 641 ba wuya. Tambayar da na fi so su riƙe ita ce ta yaya mutum zai san inda zai duba. Tushen murabba'in lambar ya kai 65,536, kuma firam da ke ƙasa da haka sun haura dubu shida. Euler ya tabbatar cewa duk firam ɗin da zai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Lucas ya ƙara matse ƙofar a 1878, ya mai da ita ninkin 128 da ƙarin 1. Da wannan sai jerin ya zama 129, 257, 385, 513, 641. Ta farko 3 × 43 ce, ta uku tana ƙarewa da 5, ta huɗu 27 × 19 ce, 257 kuwa mun riga mun san ba za ta sake fitowa ba. Wadda ta fara cancantar gwaji ita ce amsar.

Mun tabbatar ta hanya biyu, ba tare da doguwar rabawa ba. Ta farko ita ce bin ragowa. 2^8 = 256. Murabba'inta 65,536, a raba da 641, saura 154. Murabba'in 154 shi ne 23,716, alhali 641 × 37 = 23,717. Wato 2^32 ta gaza cika ninkin 641 da ɗaya tak, ƙara mata 1 ɗin nan kuwa shi ne lambar Fermat.

Ta biyun ta fi kyau. 641 tana da fuska biyu: 5 × 128 + 1 ce, kuma 625 + 16 ce. A lissafin ragowa na 641, fuskar farko na cewa 5 × 2^7 daidai yake da −1. A ninka wannan da kansa har huɗu, sai 625 × 2^28 ya zama 1. Fuska ta biyu na cewa 625 daidai take da −16, wato −2^4. A musanya, sai −2^32 ya zama 1, ke nan 2^32 + 1 ba ta da ragowa. Wani yaro ɗan ajin ƙarshe ya ce, “Malam, ai wannan kamar an shirya ne.” Na ce masa ya nemo wata firam ƙasa da dubu mai waɗannan fuskoki biyu, in ya samu ya kawo.

Sakamako: 4,294,967,297 = 641 × 6,700,417.

Wani abin lura a gefe. Akwai gwajin da ake wa lamba n: a lissafa ragowar 2^(n−1) idan an raba da n, in ba 1 ba ce to tabbas n ba firam ba ce. 4,294,967,297 tana tsallake wannan gwaji sumul, alhali ga 641 a cikinta. Tsallake gwajin ba shaida ba ce.

Laraba, 22 ga Oktoba

Saura 6,700,417. Duk mai raba ta yana raba lambar Fermat ɗin, don haka dokar 128 tana nan. Tushen murabba'inta yana tsakanin 2,588 da 2,589, ke nan lambobi 20 kawai za a duba, daga 129 zuwa 2,561. A cikinsu biyar ne firam. Ga ragowar kowacce: 257 ta bar 170, 641 ta bar 44, 769 ta bar 120, 1,153 ta bar 334, 1,409 ta bar 622. Babu sifili. Firam ce.

An kammala farfasawa: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Da firam bakwai a hannu, tambayoyi da yawa sun zama cike gurbi. Babu wadda ta maimaitu, don haka babu wani murabba'i sama da 1 da ke raba lambar, ita kanta kuma ba murabba'i ba ce. Kowace firam ko a ɗauke ta ko a bar ta, zaɓi biyu sau bakwai, ke nan masu raba ta 128 ne. Da yake duk mara ne, ana iya rubuta ta a matsayin jimlar lambobi masu bin juna ta hanya 127. Mafi gajarta ita ce 9,223,372,036,854,775,807 + 9,223,372,036,854,775,808.

Jimlar masu raba ta ita ce ta ci mana lokaci. Ana ƙara 1 ga kowace firam a ninka: 4 × 6 × 18 × 258 × 642 × 65,538 × 6,700,418. Rukuni biyu suka yi ninkin da hannu, kowa da takardarsa, suka haɗu a kan 31,421,980,989,189,888,768. A cire lambar kanta, saura 12,975,236,915,480,337,153.

Rabe-raben da ake yi da wannan jimla ya girmi labarin alkamar. Nicomachus ya tsara shi wajen shekara ta 100 miladiyya, Thabit ibn Qurra kuma ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Lambar da ƙananan masu raba ta suka taru suka ba da ita daidai, kamar 6 da 28, kammalalliya ce. Wadda suka wuce ta, kamar 12, mai rara ce. Wadda suka gaza kai ta, tauyayya ce. Tamu tauyayya ce, sun kai kusan kashi 70 cikin ɗari nata kawai. Ba a ma buƙatar wancan dogon ninki kafin a gane: 4/3 sau 6/5 ya ba da 1.6, 18/17 ya kai shi 1.694, sauran huɗun gaba ɗaya da ƙyar suka tura shi zuwa 1.703, alhali 2 ake nema. Girman firam ba ya taimako a nan, ƙananan ne ke da nauyi. Ko da za a ƙara 7 cikin firam ɗinta, zai tsaya ne a 1.947.

Maƙwabciyarta ta sama, 2^64, ita ma tauyayya ce, amma da ɗaya tak. Ƙananan masu raba ta su ne 1, 2, 4, har zuwa 2^63, wato ainihin ƙwayoyin gidajen allon nan, jimlarsu kuwa ita ce lambarmu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Nawa ne daga cikin lambobin da ke ƙasa da ita ba su haɗa mai raba su da ita ba? Wannan shi ne ƙidayar Euler, kuma a nan ɗebe 1 ake yi daga kowace firam: 2 × 4 × 16 × 256 × 640 × 65,536 × 6,700,416 = 9,208,981,628,670,443,520. Ƙasa kaɗan da rabi.

Wannan lissafi ya buɗe mana wata ƙofa da ba mu shirya mata ba, ta zane da rula da kamfas. A 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya gano cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da waɗannan kayan biyu kawai. Dokar da ya kafa, wadda Pierre Wantzel ya ƙarasa tabbatarwa a 1837, ita ce siffa mai gefe n tana zanuwa idan ƙidayar Euler ta n ba ta ƙunshi komai ba sai 2 sau 2 sau 2. Ɓangaren farko da muka samu a farfasa lambarmu, 4,294,967,295, ya cika sharaɗin, kuma shi ne mara mafi girma da aka sani da hakan, tunda har yau ba a samo firam ɗin Fermat na shida ba. Amma 640 tana ɗauke da 5, 6,700,416 kuma tana ɗauke da 3. Don haka siffa mai gefe 18,446,744,073,709,551,615 ba ta zanuwa. Da Fermat ya yi gaskiya, da ta zanu.

Ɗalibai sun yi dariya da jin cewa wani Bajamushe, Johann Hermes, ya kwashe kimanin shekara goma yana rubuta yadda za a zana mai gefe 65,537, kuma rubutun nasa yana ajiye a jami'ar Göttingen. Ni ban ga abin dariya sosai ba, ganin abin da mu ma muke yi da ranakun Asabar ɗinmu.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ranar murabba'ai. Bambancin murabba'i biyu: hanya 64, ɗaya ga kowane aure na masu raba ta. Jimlar murabba'i biyu: ba ta yiwuwa, domin idan aka raba ta da 4 saura 3 ne, murabba'i kuwa 0 ko 1 yake bari, biyu ba za su tara 3 ba. Jimlar uku: ita ma a'a. Alƙalumanta uku na ƙarshe 615 ne, wato 76 × 8 + 7, murabba'i kuma 0, 1 ko 4 yake bari idan an raba da 8, kuma duk yadda aka juya uku daga cikin waɗannan 7 ba ta fitowa. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba. Tamu tana cikin waɗanda sai an kai huɗun.

Sanin akwai daban, nuna su daban. Muka bi hanyar mai awo a kasuwa, a fara da babban mudu kafin a koma kan ƙanana. Murabba'i mafi girma da ke shiga shi ne na 4,294,967,295, wato 18,446,744,065,119,617,025. Saura 8,589,934,590. Mafi girma a cikin wannan shi ne na 92,681, wato 8,589,767,761. Saura 166,829, kuma dole ta rabu gida biyu. A nan haɗama ba ta aiki, sai da muka farfasa ta: 13 × 41 × 313. Sa'a ta yi, dukkansu ninkin 4 ne da ƙarin 1, kowacce kuma jimlar murabba'i biyu ce: 4 + 9, 16 + 25, 144 + 169. Da dokar Brahmagupta ta haɗa irin waɗannan, 13 × 41 = 533 = 23² + 2², sannan a haɗa da 12 da 13 a sami 23 × 12 + 2 × 13 = 302, da 23 × 13 − 2 × 12 = 275. Gwaji: 91,204 + 75,625 = 166,829.

Lambarmu = 4,294,967,295² + 92,681² + 302² + 275². Wannan layin ba mu kwafo shi daga ko'ina ba, kuma yarinyar da ta hango 13 ta nemi a bar shi a allo har Litinin.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Rukunan da ba ta shiga ba. Ba firam ɗin Mersenne ba ce, domin 2^n − 1 ba ta zama firam sai n ta zama firam. Ba ta cikin lambobin harshad, masu rabuwa da jimlar alƙalumansu, tunda 87 = 3 × 29 kuma babu 29 a cikinta. Ba ta cikin lambobin Carmichael irin su 561, waɗanda ba firam ba ne amma suke tsallake irin gwajin ragowar nan da muka ambata: tunda 5 tana raba ta, dokar Korselt ta 1899 na buƙatar 4 ta raba lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya, waccan kuwa da 14 ta ƙare.

Sai lambobin alwatika, 1, 3, 6, 10, 15, waɗanda ake samu ta tara 1 + 2 + 3 da sauransu. Lamba tana cikinsu idan ninkinta takwas da ƙarin 1 murabba'i ne. Ga tamu, wannan ya zama 2^67 − 7. Srinivasa Ramanujan ya yi tambaya a 1913 kan yaushe 2^n − 7 ke zama murabba'i, ya lissafa n = 3, 4, 5, 7 da 15, Trygve Nagell ɗan Norway kuma ya tabbatar a 1948 cewa babu ƙari. 67 ba ta ciki. An yi gardama kan ko wannan ya cika sharaɗinmu, tunda hujjar Nagell ta fi ƙarfin allonmu. Ɗaya daga cikin ɗalibai ya warware: 2^67 tana ƙarewa da 8, a ɗebe 7 saura 1, wannan bai hana ba, amma a raba da 3, 2^67 na barin 2, a ɗebe 7 ya zama −5, wato 1, shi ma bai hana ba, a raba da 11 kuwa, 2^10 na barin 1, don haka 2^67 na barin abin da 128 ke bari, wato 7, a ɗebe 7 saura sifili. Ke nan 11 tana raba ta, kuma in murabba'i ce dole 121 ta raba ta. Wannan gwajin na ƙarshe mun ba shi ya kawo a rubuce. Kafin nan an shigar da amsar da alamar hujjar aro.

Haka muka yi wa maƙwabtanta firam: 2^64 − 59 a ƙasa, 2^64 + 13 a sama. Sanannu ne, amma ba mu muka tabbatar ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Wasan Collatz, wanda ake dangantawa da Lothar Collatz tun 1937: in lamba cika ce a raba biyu, in mara ce a ninka uku a ƙara 1, a yi ta maimaitawa a ga ko za a kai 1. 2^64 tana gangarowa zuwa 1 a taki 64 ba tare da ta waiwaya ba. Tamu, da ke ƙasa da ita da ɗaya, hawa take yi. Mun gani a ƙananan 'yan uwanta: 7 ta bi 22, 11, 34, 17, 52 ta kai 26, wato 27 ba ɗaya, 15 ta kai 80, wato 81 ba ɗaya. Kowane taki biyu yana mai da 2 guda ɗaya zuwa 3. Bayan taki 128 lambarmu ta zama 3^64 − 1, wato 3,433,683,820,292,512,484,657,849,089,280, mai alƙaluma 31. Daga nan ta rabu biyu sau takwas a jere, sannan tsarin ya watse, babu sauran gajeriyar hanya. An riga an gwada duk lambobin da ke ƙasa da 2^68 da kwamfuta, duk sun kai 1, don haka ƙarshen tafiyar sananne ne. Ƙidayar takun muka bar wa Python, za a shigar da ita a shafin abin da na'ura ta faɗa.

Abin da ya rage a buɗe shi ne 12,975,236,915,480,337,153, jimlar ƙananan masu raba lambarmu, wadda muke so mu farfasa don mu tara nata ƙananan masu rabawar, mu yi ta maimaita haka mu ga inda sarƙar za ta nufa. Jimlar alƙalumanta 84, don haka 3 ta shiga sau ɗaya, ta bar 4,325,078,971,826,779,051. Wannan ba bambancin murabba'ai ba ce da ake gani da ido, kuma babu dokar 128 da za ta rage mana aiki. Jarrabawa za ta fara mako mai zuwa. Na raba firam da ke ƙasa da 200 tsakanin rukuni huɗu, kowa ya tafi da nasa hutu, a kawo ragowar a rubuce ranar da aka dawo.